Abin da Na Gaya wa Dillali

Mahaifina ya ba ni fili ɗaya a bayan garinmu Potiskum, ta hanyar Fika. Kyauta ya yi mini tun yana da rai, a shekarar da na fara koyarwa a firamare. Ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo mini takardar a cikin wata tsohuwar ambulan, ya ce in adana ta da kyau, yana so ya zamana ina da wani wuri da zan nuna in ce nawa ne. A lokacin wurin gona ne kawai. Da shekaru suka ja, gari ya bi hanyar, aka fara zuba bulo a gabas da shi da yamma da shi, amma ni ban taɓa samun halin ɗora ko tubali ɗaya ba. Wani manomi daga Nangere nake bari yana shuka gero a ciki duk damina, in an yi girbi ya kawo mana dami biyu ko uku.

Wanda ya samo wa mahaifina filin abokinsa ne na tun ƙuruciya, dillalin gidaje da filaye. Rumfarsa tana bakin titi, kusa da inda ake gyaran tireloli, da benci biyu da tebur da buta. Mu dai Baba muke ce masa. Ya ci abinci a zaurenmu fiye da yadda zan iya tunawa. Yana cikin shaidun aurena, yana kuma cikin waɗanda suka ɗauki makarar mahaifina. Da mijina ya rasu na dawo gidanmu na unguwar Dogo Nini da 'ya'yana mata biyu, shi ya fara zuwa ya ce in da wata matsala ta taso kada in ji nauyinsa.

Sai na yi bayanin halin da gidanmu yake ciki kafin a fahimci abin da ya sa na yi abin da na yi. Ina da yaya mace, ita ce babba a ɗakinmu. Ciwon daji ya kama ta a nono, ba a gane da wuri ba. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, ita ta yi jinyarta wata goma sha ɗaya, ita take wanke mata ciwon da hannunta har ranar da ta cika. Bayan rasuwar hawan jini ya kama Iya. Akwai ranar da ta faɗi a bakin murhu, bakinta ya karkace, sai da aka yi makonni kafin ya dawo daidai. Likita ya ja mu gefe ni da ƙanena, ya ce mu kiyaye ta da labarin da zai girgiza ta. Tun daga nan ko rasuwa aka yi a dangi, sai mun zauna mun shirya yadda za a gaya mata.

Wata safiya ina wanka zan tafi makaranta na ji wani ɗan ƙullutu a nonona na hagu, kamar ƙwayar gurjiya. Na yi wata biyu ina ce wa kaina ba komai ba ne. Da na ga yana ƙaruwa sai na ce wa Iya an tura mu bita Kano, na je wani babban asibiti aka yi gwaji. Bayan sati biyu na sake ƙirƙiro wata bitar na koma karɓar sakamako. Likitar mace ce, ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce shi ne, amma an gan shi da sauran lokaci. Za a yi aiki, bayan aikin a shiga ba ni magani ta jijiya na tsawon watanni. Ta ce abu ɗaya ne ba ta so, jinkiri.

A motar dawowa na gama tsara komai. Zan sayar da filin in yi jinya da kuɗin. Zan ce wa Iya na samu gurbin ƙaro karatu a Kano. In an yi aikin lafiya, na miƙe da ƙafafuna, sai in zaunar da ita in gaya mata da bakina, tana kallona a raye, tana ganin ba irin na yayata ba ne. Ƙanena da yake aiki a Maiduguri shi kaɗai na kira na gaya wa. Ya ce shirin bai kwanta masa sosai ba, amma jikina ne, kuma uwata ce kamar yadda take uwarsa, duk abin da na yanke zai bi.

Ranar Asabar da hantsi na je rumfar Baba. Bazara ce, zafi ya fara tun da safe. Na same shi shi kaɗai yana shan shayi, na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so ya sayar mini da filin hanyar Fika.

Ya ajiye kofin. "Wane fili? Wanda ubanki ya ba ki?"

"Shi, Baba."

"A'a, 'yata. Wannan ba filin sayarwa ba ne yanzu. Ba ki ga yadda gini yake tafiya ta can ba? Ki ba shi shekara biyu, abin da za a ba ki sai ya ninka. Ni ba zan sa hannuna a wannan asarar ba. Me zan ce wa ubanki?"

Na ce ina da buƙata. Ya ce wace irin buƙata ce da ba za ta jira ba. Na ce ta gida ce. Ya ce in auren yarinyar nan ne, babbar 'yata yake nufi, ai ba a sayar da fili don kayan ɗaki, a yi daidai ƙarfi. Na ce ba shi ba ne. Ya dinga tambaya, ni kuma ina kaucewa, har ya ce shi fa ba zai nemi mai saye ba sai ya san abin da ya kore ni daga filin ubana, don kada wani ne yake yaudarata.

Na sha tambayar kaina me ya sa ban tashi na tafi wurin wani dillalin ba. Gaskiyar ita ce na gaji da riƙe maganar ni kaɗai. Ga mutum zaune a gabana da furfura irin ta mahaifina, yana ce mini 'yata. Na duba hagu da dama, babu kowa sai masu gyaran taya can nesa. Na rage murya na gaya masa duka, har sunan ciwon, har abin da likita ta ce game da jinkiri.

Ya yi salati. Idanunsa suka kawo ruwa, ya sa bakin rawaninsa ya share. Ban taɓa shakkar hawayen nan ba, har yau.

Na ce, "Baba, Iya ba ta sani ba. Yaran ma ba su sani ba. Ka san abin da ya same ta bayan yayata. Don Allah maganar nan ta tsaya a rumfar nan."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Haba 'yata. Shekara nawa ina wannan sana'a? Cikin nan nawa ya riƙe asirin manyan garin nan da yawa. Ki je ki kwantar da hankalinki. Sati biyu ya yi yawa a sayar da filin nan."

Ya faɗi abin da yake ganin filin zai yi a kasuwa, ni kuma na lissafa a raina na ga zai kai ni ƙarshen jinya. Na ba shi kwafin takardar, na tafi gida da sauƙi a zuciyata irin wanda na daɗe ban ji ba.

Sati ya zagayo ya kira ni ya ce mutum biyu sun taya. Da ya faɗi tayin sai na zaci ban ji daidai ba, don ko kusa da abin da ya faɗa mini bai kai ba. Ya ce kasuwa ce ta yi sanyi, in ƙara haƙuri. Bayan kwana huɗu ya ce in zo filin da asalin takarda, akwai wani Alhaji mai tireloli da yake son wurin ajiye motoci, da gaske yake.

Na hau adaidaita daga makaranta na same su a can. Alhajin ya zaga filin, ya duba duwatsun iyaka, ya karɓi takardar ya jujjuya. Sannan ya faɗi nasa tayin, wanda da kaɗan ya haura rabin abin da Baba ya faɗa mini tun farko. Na ce a'a, a ƙara dai. Ya yi murmushi irin na tausayi, ya miƙo mini takardar.

"Malama, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ki duba da kyau. Ni zan iya jira har baɗi. Ke kuwa an ce likita ya ce kada ki jinkirta."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na juya na kalli Baba, shi kuma ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Alhajin ya shiga motarsa ya ce in na yanke shawara a neme shi.

Da ƙurar motar ta kwanta na ce, "Baba, wa ya gaya masa?"

"Shi kaɗai na ɗan tsegunta wa," in ji shi. "Don ya tausaya ya ƙara. Mutumin kirki ne, ba ya magana."

"Ka ji ya ƙara?"

Na roƙe shi a wurin, a tsakiyar rana, na ce ya dubi girman Allah ya dubi zumuncinsa da mahaifina kada ya sake gaya wa kowa. Ya rantse. Ya ce daga shi sai Alhajin, kuma zai ja masa kunne. Na koma gida ina ta lallashin kaina cewa mutum ɗaya ne, kuma ba unguwarmu ɗaya ba.

Ranar Laraba ta sati na gaba na dawo daga makaranta bayan azahar, ina ɗaki ina canza kaya. Iya tana tsakar gida a inuwar darbejiya tana tsince wake a faranti, babbar 'yata tana wanke-wanke a gefen rijiya. Na ji sallamar mace. Matar manomin nan ce ta Nangere, ta shigo kasuwa ta biyo. Mace ce mai kirki, duk zuwanta sai ta riƙo mana kuka ko daddawa. Hausarta irin ta mutanen wajensu ce, ba ta raba mace da namiji a magana.

Bayan gaisuwa na ji ta ce, "Iya, yaya mai jiki? Mun ji labari, hankalinmu ya tashi. An ce za a kai shi Kano a yanke masa."

Iya ta ce, "Wa? Wane ne ba shi da lafiya?" Na ji muryarta ta canza. Na san tunaninta ya tafi Maiduguri, wurin ƙanena.

"Malama mana. Dillali ya ce wa maigida kada ya shuka gero bana, za a sayar da gonar, Malama yana da ciwon nan da ya kashe yayansa."

Ina tsaye riƙe da ɗankwali a hannu. Tsakanina da su taga ce kawai da labule. Na ji ƙarar kwanon da 'yata take wankewa ya daina. Na jira in ji faɗuwar Iya.

Ba ta faɗi ba. Ta ce wa matar, "Da sauƙi. Mun gode." Ta tambaye ta yara, ta tambaye ta ko an fara sharar gona. Ta aiki 'yata ta ɗauko sabulu biyu ta ba ta, ta raka ta har zaure. Sannan na ji takunta yana nufo ɗakina. Ta shigo ta tura ƙofa.

Iyayen Iya daga Borno suka zo, kuma duk lokacin da abu ya kai mata wuya Hausa takan gudu daga bakinta. Da Barbarci ta ce mini in buɗe rigata. Na buɗe. Ta sa yatsunta, ba ta yi lalube ba, kai tsaye ta je wurin, don hannunta ya riga ya san abin da yake nema. Ta daɗe tana taɓawa, sannan ta ja mini rigar ta rufe.

"Tun yaushe?"

"Wata uku, Iya."

"Wa ya sani?"

Na ce ƙanena. Ta jira. Na ce da Baba dillali.

"Dillali," in ji ta. Ta sake maimaitawa a hankali, "Dillali." Ta juya ta fita.

Kafin la'asar kanta ya fara sarawa, idonta ɗaya ya yi ja. Muka kai ta asibiti, aka ce jinin ya hau sosai, aka riƙe ta kwana biyu. Allah ya tsare bai taɓa mata jiki ba. A kwana biyun nan ina zaune a gefen gadonta, in na miƙa mata ruwa ta karɓa, in na yi mata sannu ta amsa, amma ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya.

Daga nan na fara ganin inda maganar ta kai. A makaranta shugabarmu ta kira ni ofis ta ce in ina son hutu kada in ji kunya, ni kuwa ban gaya mata komai ba. Mai kantin bakin layinmu ya ƙi karɓar kuɗin sukari. Wata maƙwabciya ta aiko da ruwan rubutu a galan, wata ta zo da lambar wani mai maganin gargajiya. Kowa da kyakkyawar niyya ya zo, kuma kowa da irin kallon da na gani ana yi wa yayata. Ina tafiya da ƙafafuna, ina koyar da aji mai yara fiye da sittin, amma a idon unguwa na riga na kwanta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na babbar 'yata. Ta gama kwalejin ilimi, akwai wani yaro malamin sakandare, mutumin Fika, da suka daidaita. Iyayensa sun riga sun kawo gaisuwa, an ce bayan Sallah za su dawo a sa rana. Ana cikin haka wata gwaggonsa ta zo wai duba ni. Ta zauna ta sha ruwa, ta yi addu'a, sannan ta shiga tambaya a kaikaice. An ce yayarki ma shi ne ko? A wajen Iya akwai wanda ya taɓa yi? Yaran dai lafiyarsu ƙalau? Na gane inda ta dosa tun a tambaya ta biyu. Bayan Sallah ba su zo ba. Yaron ya rage kira, daga baya ya daina. Can aka aiko wani dattijo ya ce a yi haƙuri, kayan gaisuwar a bar su, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. 'Yata ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tattara kayan da kanta ta sa a buhu, ta ce a mayar musu.

Washegarin zuwan gwaggon nan na koma rumfar Baba. Bayan la'asar ne, benci biyun nan cike da 'yan hira. Ina isowa hirar ta tsaya. Wani da ban taɓa gani ba ya ce, "Sannu Malama, Allah ya ƙara sauƙi." A nan na san a wane wuri maganar ta fara yawo.

Na ce ina son ganin Baba a gefe. Muka koma bayan wata tirela da aka cire wa taya.

Na ce, "Baba, na ba ka amana."

"To me na yi? Ciwo laifi ne? Sata kika yi da za a ɓoye? Addu'a nake nema miki wurin jama'a."

"Fili na ce ka sayar mini. Ban ce ka nema mini addu'a ba."

"Ke ba ki san sana'ar nan ba. Duk mai saye sai ya tambaya me ya sa za a sayar. In ban faɗa ba sai ya zaci filin rigima ne."

"Sai ka ce mai shi tana da buƙata. Manomin Nangere fa, shi ma saye zai yi? Mutanen da suke kan bencin nan, su ma saye za su yi?"

Ya ce ai manomin kamar ɗan gida ne.

Na ce, "Iya ta kwana biyu a asibiti. A bakin baƙuwa ta ji. Mutanen Fika sun fara ja da baya. Kai ne kaɗai na gaya wa a garin nan."

Ina jira ya ce in yafe masa. Da ya faɗi haka a ranar, ina jin da na yi kuka na yafe, don ina neman wanda zan jingina da shi. Sai ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta ɗaure.

"Yanzu ni kike tsarewa a bayan mota kina yi wa faɗa? Ni da na ɗauki gawar ubanki? Iyarki ai dole ta sani, uwa ce. Ke ce kika yi kuskure da kika ɓoye mata. Su kuma mutanen Fika in don wannan za su gudu, gara da suka gudu tun yanzu."

Wataƙila akwai gaskiya a wasu maganganun nasa. Amma ba shi ne zai yanke ba, kuma bai yanke don ya ga shi ne daidai ba. Ya faɗa ne don yana da labari a baki, ga kuma masu saurare a kan benci. Na ce ya ba ni kwafin takardata. Ya shiga rumfa ya ɗauko ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ƙanena ya haɗa ni da wani dillalin a cikin gari, mutum mai matsakaicin shekaru, mara yawan magana. Bai tambaye ni dalilin sayarwa ba. Ya yi kwana goma yana nema, sannan ya zo har zaure ya ce, "Malama, zan gaya miki gaskiya. Masu sayen fili irin wannan a garin nan ba su da yawa, kuma duk sun ji. Kowa jira yake ki gaji. In kina da wata shida, zan nemo miki mutumin waje. In ba ki da shi, ki karɓi na Alhajin nan."

Ba ni da wata shida. Ƙullutun ya riga ya kai girman goro. Aka yi ciniki da Alhajin mai tireloli a kan abin da ya taya tun farko, da ɗan abin da sabon dillalin ya matsa aka ɗora. Ranar sa hannu a gaban bulama, wato mai unguwa, sai ga Baba, wai shi ya san iyakar filin tun asali, kuma shi ya fara kawo mai sayen. Ya zauna a kan tabarma ya sa hannu a matsayin shaida, aka raba la'ada da shi kamar yadda aka saba. Da aka shafa fatiha ya ce mini Allah ya sa a yi aiki a sa'a. Na ce amin.

Kuɗin ya kai ni aiki da rabin maganin. Sauran ƙanena ya ɗauka, ya sayar da motarsa, bai taɓa ambata mini ba sai a bakin matarsa na ji.

Iya ta ce da ita za a tafi Kano. Muka ce jikinta ba zai ɗauka ba, ta ce ba shawara take nema ba. Ita ta zauna da ni a asibiti, ita ta riƙe mini roba lokacin da maganin yake sa ni amai, ita ta aske mini sauran gashin da ya rage da ya fara zuba. Duk wannan tana yi, amma maganar da ke tsakaninmu ba ta wuce ta abinci da magani ba. Sai wata rana da rana, bayan zagaye na uku na maganin, muna ɗakin da muka kama kusa da asibitin, tana yi mini fifita, ta yi magana ba tare da ta daina ba.

"Da kin gaya mini da bakinki, da na shiga ɗaki na yi kukana na share ido, na fito na kama miki. Na yi na yayarki, na san hanya. Amma kika bari na ji a tsakar gida, da faranti a hannuna, ina yi wa baƙuwa murmushi."

Na ce, "Iya, na so in gaya miki. Rana nake jira. Na so ki gan ni na warke tukuna."

"Kin ga dillali ya fi ni iya riƙe magana."

Na juya fuskata bango. Ta ci gaba da fifitar har na yi barci. Daga ranar ta fara sakin jiki da ni kaɗan-kaɗan, amma maganar nan tana nan a tsakaninmu. Ko yanzu in na ce mata zan je wani wuri, sai ta dube ni ta ce, "Can ɗin za ki je da gaske?"

Na dawo Potiskum bayan wata bakwai, na rame, ɗankwali a kan da babu gashi, amma likita ta ce abin ya tafi yadda ake so, in dinga zuwa ana dubawa. Na koma aji a zangon karatu na gaba. Babbar 'yata ta samu koyarwa a wata makarantar kuɗi. Ba ta yi aure ba har yanzu, kuma ba ta son a tayar da zancen. Filin an kewaye shi da katanga, in na bi hanyar Fika ina hango kawunan tireloli ta sama.

Sati biyu da dawowata aka ce ana sallama a zaure. Baba ne, da ledar lemo a hannu. Iya ta amsa gaisuwarsa daga bayan labule, a taƙaice, ta koma ciki. Ni na fita na durƙusa na gaishe shi, don abokin mahaifina ne, kuma ban iya wani abu ba bayan wannan.

Ya yi murna da ganina, murna ta gaske. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin ga amfanin addu'ar jama'a. Babu masallacin da ban sa an yi miki ba." Ya tambayi Kano, ya tambayi likitoci. Sannan ya gyara zama, ya rage murya, ya matso kaɗan.

"Ai duniyar ce sai haƙuri, 'yata. Kin san gidan nan mai koren ƙofa na kan kwanar makarantarku? Jiya mai shi ya zo wurina. Zai sayar a asirce, ko matarsa ba ta sani ba. Wai ɗansa ne babba ya..."

Na ce, "Baba, kada ka gaya mini."

Ya tsaya da baki a buɗe. "Ai ke ta gida ce."

"Don Allah kada ka gaya mini."

Ya yi 'yar dariya, ya ce to shi ke nan, ya ce ciwo ya sa na zama mai saurin fushi. Ya ɗan ƙara zama, ya yi sallama ya tafi.

Amma ya riga ya faɗi gidan. Na san shi sarai, ta gabansa nake wucewa kullum. Matar gidan tana kawo ƙaramar 'yarta makarantarmu da safe, yarinyar tana aji biyu. Ranar Litinin muka haɗu a bakin ƙofar makaranta, ta riƙo hannun yarinyar da kwandon abincinta. Ta yi mini barka da dawowa, ta ce na yi kyau. Na ce na gode. Na tambaye ta mutanen gida, ta ce kowa lafiya ƙalau, tana dariya. Na karɓi hannun yarinyar muka shiga, aka buga ƙararrawa.